Yadda Ake Tafiyar da Sitaj Daga Nesa ga Ɗaliban Zane, Mataki-Mataki

Tun da na fara karɓar ɗaliban zanen kwamfuta suna yin sitaj, wato koyon aiki na ɗan lokaci, a hannuna ba tare da sun taka ƙofar shagona da ke Garwa a arewacin Kamaru ba, tambaya ɗaya ake ta jefo mini, a waya da wurin ɗaurin aure: "Wai kai yaya kake yi da su?" Masu maɗaba'a a Marwa sun tambaya, wata 'yar'uwa mai ɗakin zane a Ngaundare ta tambaya, wani abokin sana'a a Njamena ma sai da ya cinye mini rabin cajin waya a kan maganar. Na gaji da amsa ɗaya-ɗaya, shi ya sa na zauna na jera abin daki-daki.

Kafin mu shiga, ka riƙe abu guda. Yaron shago da ido yake satar sana'a. Yana tsaye a bayanka ya ga ka goge wannan launi ka sa wancan, ya ji yadda ka lallashi Alhajin da ya nace sai hotonsa ya cika rabin allo, ya ga takardar da ta fito daga inji a karkace. Ba ka koya masa ko ɗaya ba, amma ya ɗauka. Wanda ke Mokolo ko Kusiri yana kallon fuskar waya ba shi da wannan gata. Duk abin da ido ke tsinta a banza, kai ne za ka shirya masa da gangan. In ba za ka iya ba, gara ka bar 'ya'yan mutane su nemi wani wuri.

Mataki na 1: Auna lokacinka kafin ka yi shela

Kowane ɗalibi zai ci maka awa biyu zuwa uku a mako, tsakanin rubuta masa aiki, duba abin da ya turo da amsa tambayoyinsa. Ninka wannan da yawan waɗanda kake son ɗauka, ka ga ko makonka zai ɗauka. Ni ba na wuce huɗu. Karon farko ma biyu sun ishe ka.

Tsawon shiri mako takwas ya fi dacewa. Ƙasa da shida, kafin a saba da juna an tashi. Fiye da goma sha biyu, kowa ya gaji. Lokaci mafi sauƙi shi ne babban hutun makarantu, daga Yuli zuwa Satumba.

Hattara: kada ka fara a jajibirin lokacin da shago ke cika. Kafin 11 ga Fabrairu, bikin matasa, da 8 ga Maris, ranar mata, da 20 ga Mayu, ranar ƙasa, da gab da Sallah, ba ka da numfashin duba aikin kowa. Haka kuma watannin zafi, Maris zuwa Mayu: ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, wuta ta yi ƙaranci, kwamfuta tana ɗaukar zafi tana mutuwa da kanta. Wanda zai yi shirin a wannan lokaci sai ya ƙara wa kowane wa'adi kwana ɗaya.

Mataki na 2: Gama da takarda tukuna

Ɗalibai iri biyu ne za su zo maka. Akwai wanda makaranta ta turo, daga jami'ar Marwa ko ta Ngaundare ko ta Garwa da aka kafa a 2022, ko wata cibiyar koyon kwamfuta mai zaman kanta. Akwai kuma wanda ya koyi zane da kansa a waya yana neman mai riƙe masa hannu. Na farko yana zuwa da takardar yarjejeniya wadda makarantu ke kira convention de stage, mutum uku ke sa mata hannu: makaranta, kai, da shi ɗalibin. Kafin ka sa hannu, ka kira malamin da ke kula da shi ka tambaye shi ƙarara ko sun yarda da sitaj daga nesa. Ka sa a rubuta hakan a cikin takardar.

Na biyun ma kada ka ɗauke shi da baki. Shafi ɗaya ya isa, ya ƙunshi ranar farawa da ta gamawa, awa nawa a mako, abin da za ka ba shi na kuɗi da ranar biya, wanda ya mallaki zanen da aka yi wa mai aiki, wato kwastoman da ya kawo aikin, da abin da ɗalibi zai iya nunawa a kundin ayyukansa bayan an gama. Ka ƙara layi ɗaya a kan sirri: zanen mai aiki ba ya fita sitatus kafin mai shi ya fitar.

Wanda bai kai shekara 18 ba, mahaifi ko waliyyi ne zai sa hannu. 'Yan mata da matan aure kuwa, na ga amfanin in kira gida da kaina in gaisa da maigida ko mahaifi, in faɗa musu lokutan da za a riƙa kiran taro a waya. Kira ne na minti biyar, amma shi ke hana a ƙwace wayar yarinya a mako na uku. Kuma gaskiya, mafi yawan waɗanda wannan tsari ya fi yi wa rana su ne, don da yawa ba za a bar su su tafi wani gari su zauna wata biyu ba.

Hattara: ɗalibin makaranta zai rubuta rahoton sitaj. Ka tambayi ranar miƙa shi tun yanzu, kada ta faɗo a makon da kake jiran babban aiki daga gare shi.

Mataki na 3: Zaɓe da ƙaramin gwaji

Kada ka zaɓa da kundin ayyuka kawai. Rabin abin da ake turowa tsararrun zane ne na manhajar zane ta Canva da aka sauya wa suna. Ka ba kowa aiki iri ɗaya na ƙirƙira, misali takardar talla girman A5 ta mai sayar da kilishi, da kwana biyu. Da gangan ka bar wani bayani a buɗe, kamar lambar waya ko harshen da za a rubuta. Wanda ya tambaya kafin ya fara, ka sa masa alama. Wanda ya kawo a kan lokaci ko da zanen bai yi armashi ba ya fi wanda ya kawo mai kyau bayan kwana biyar da dogon uzuri. Hannu yana gyaruwa cikin mako takwas. Saɓa alkawari ba ya gyaruwa daga nesa.

Tare da gwajin ka yi tambayoyi huɗu: kwamfuta gare ka ko waya kawai? Kwamfutar taka ce ko ta aro? Wane layi ne ke da ƙarfi a unguwarku, kuma da wane lokaci? Yaya wuta take a wurinku? Amsoshin nan su za su tsara maka shirin gaba ɗaya.

Hattara: zanen gwaji ba na sayarwa ba ne. Duk wanda ya tara yara ashirin suka yi masa tambari kyauta da sunan gwaji, ya kai wa mai aiki ya karɓi kuɗi, ya ci haƙƙi, kuma garuruwan nan ƙanana ne, labari zai zaga.

Mataki na 4: Ware kuɗi

Mutane suna ɗauka sitaj daga nesa ba ya cin komai tunda ba kujera ba shayi. Yana ci, sai dai aljihun ɗalibi yake ci in kai ka kau da kai. Ga yadda ni nake warewa ga mutum huɗu na wata biyu. Lissafin shagona ne, kowa ya auna da ƙarfinsa:

Data, sefa 10,000 ga kowane ɗalibi a wata, ya kama 80,000. Ɗan abin hannu, sefa 20,000 a wata ga kowa, ya kama 160,000. Bugun gwaji da kuɗin aike a mota, 30,000. Kuɗin cirewa da abin da ba a zata ba, 20,000. Jimilla sefa 290,000.

In wannan ya yi maka yawa, rage yawan ɗalibai, kada ka rage data. Kuma idan zanen ɗalibi ya shiga hannun mai aiki aka biya ka, ka ba shi wani abu a kai, ko kaɗan ne. Ni ban yarda da karɓar kuɗi a hannun ɗan sitaj ba. Wanda zai karɓa ya kira abinsa makaranta, ya yi shi a fili.

Hattara: kada ka tura kuɗin data na wata guda a dunƙule. Ranar goma ga wata za ka ji "Malam, mega ya ƙare." Ka riƙa turawa kowace Litinin, ko ka saya masa datar kai tsaye a layinsa. In ta Orange Money ko MTN MoMo kake biyan abin hannu, ɗora kuɗin cirewa a kai don abin da ka yi alkawari ya shiga hannunsa cif. Ɗalibin da ke Chadi kuwa, kuɗinmu ɗaya ne, sefar nan dai, amma layukansu Airtel da Moov ne. Ka gwada hanyar aike da sefa 1,000 tun kafin a fara, ka ga ta isa, kada ranar biya ta zo kuna neman ɗan aiken da zai ƙetare gadar Ngeli.

Mataki na 5: Kafa wurin aiki

Abu uku sun isa: zauren WhatsApp na hira, jaka ɗaya a Google Drive ta ajiyar aiki, da tebur ɗaya a Google Sheets mai layi huɗu, wato aiki, mai yi, wa'adi, inda aka tsaya. Drive yana ba da giga 15 kyauta, sun ishi zango ɗaya in ba bidiyo kuke ajiyewa ba. Na gwada manyan manhajojin bin diddigin aiki, yaran suka daina buɗewa bayan kwana huɗu. Abin da ba ya buɗewa da sauri a waya mai rauni, ba a amfani da shi.

A cikin Drive kowane ɗalibi da jakarsa, kowane aiki da tasa. Sunan fayil kuwa doka ce: sunan mai aiki, irin aikin, lambar gyara, kwanan wata. Misali kilishi_talla_g2_14agusta. Ranar da ka ga "na ƙarshe", da "na ƙarshe sosai", da "wannan ne Malam" a jaka ɗaya, za ka gane dalili.

Manhajar zane ta danganta da abin da ke hannun ɗalibi. Mai waya kawai, Canva. Mai kwamfuta da intanet mai rauni, Inkscape don tambari, GIMP don hoto, Scribus don tsara shafuka. Waɗannan ukun kyauta ne kuma suna aiki ba intanet. Figma tana da kyau ga masu koyon tsara fuskar manhaja da shafin intanet, kuma kana iya shiga ka ga aikin ɗalibi yana yi, sai dai tana son layi mai ƙarfi. Photopea tana buɗe fayil ɗin Photoshop a burauza. In shagonka da CorelDRAW ko Illustrator yake aiki, faɗa musu sigar da kake da ita, don fayil ɗin da aka ajiye a sabuwar siga yakan ƙi buɗewa a tsohuwa.

Hattara biyu a nan. Na ɗaya, WhatsApp yana matse hoto in an tura shi a matsayin hoto. Duk aikin da za a duba sai a tura shi a matsayin takarda, ko a sa a Drive. Na biyu, kada ka tura wa ɗalibi manhajar sata. Ban da haƙƙin masu ita, sau da yawa da ƙwayar cuta take zuwa, kuma kwamfutar da ta lalace wataƙila ta yayansa ce.

Mataki na 6: Makon farko

Ranar farko ku yi kiran bidiyo sau ɗaya, kowa ya ga fuskar kowa. Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40, Google Meet na taro a awa ɗaya. Ka gama kafin nan. Daga ranar, murya ta isa.

A wannan kira ku tsayar da lokaci. Ni taron mako nake sawa Asabar bayan La'asar, miƙa aiki kuma Alhamis kafin Magariba. Juma'a ba na sa komai. Abin sauƙi, agogon Kamaru da Chadi da Najeriya da Nijar ɗaya ne, ba ruwanka da lissafin awa. Ka faɗa musu lokacin da kake amsa saƙo da lokacin da ba ka amsawa, in ba haka ba ƙarfe ɗayan dare, lokacin da layi ya yi ƙarfi, za ka ji waya tana ƙara.

Sannan ka yi abin da ya fi komai kama da tsayuwar yaro a bayanka: ka naɗi fuskar kwamfutarka kana yin aiki na gaske, kana magana. Minti goma, ba gyaran bidiyo, har da inda ka yi kuskure ka koma baya. "Kun ga nan na so in sa ja, amma allon zai tsaya a rana bakin titi, ja yana saurin koɗewa." Irin wannan maganar ba ta cikin darasin YouTube. Ka rage girman bidiyon kafin ka tura.

Aikin makon farko kwaikwayo ne. Ba su tsohon zanen shagonka su sake gina shi daidai. A nan za ka ga wanda bai san jera abubuwa a layi ba, da wanda ke miƙe hoto har fuskar mutum ta yi faɗi.

Mataki na 7: Rubuta bayanin aiki

Daga mako na biyu kowane aiki da rubutaccen bayani yake tafiya, ko da layi goma ne. Wa ke da aikin, me yake sayarwa, su wa za su gani, a ina za su gani, girman da ake so, rubutun da za a sa harafi da harafi, harshe, wa'adi, da irin fayil ɗin da za a miƙa. Girma a rubuta shi da lamba: A5 milimita 148 da 210, katin shago 85 da 55, sitatus kuma pixel 1080 da 1920.

Jera ayyukan daga mai sauƙi zuwa mai nauyi: hoton talla na sitatus, katin gayyatar biki, takardar talla gaba da baya, lakabin kwalba ko leda, sai tambari a ƙarshe. Kowa tambari yake so ya fara da shi, alhali shi ne mafi wuya. Mako biyun ƙarshe ka ba kowa aiki ɗaya na mai aiki na gaske, wanda wa'adinsa ba ya ƙuna. Masu sana'ar fata a Marwa, mata masu yajin daddawa da man gyaɗa, makarantun Islamiyya masu neman takardar sauka, duk suna da aikin da ya dace da hannun mai koyo.

In mai aiki ya yarda, tura wa ɗalibi saƙon muryarsa yadda yake. Ya ji Hajiya tana cewa "ina so ya yi kyau dai, ya fita daban," ya koyi fitar da buƙata daga irin wannan magana. Rabin sana'ar ke nan.

Hattara: kada ka haɗa ɗalibi da mai aiki kai tsaye a farko. Kuma duk aikin da ka ɗora wa ɗalibi, ka bar wa kanka kwana biyu a baya, in ya gaza ka ɗauka.

Mataki na 8: Gyara

Nan ne shirin yake rayuwa ko ya mutu, don haka zan daɗe a nan.

Ka amsa cikin kwana ɗaya. Ɗalibin da ya kwana yana aiki da fitilar waya, ya turo, ya ga alamar ka buɗe, ka yi shiru kwana uku, ya gama yanke wa kansa hukunci cewa aikin banza ya yi. Ko ba ka da lokaci, rubuta "Na gani, gobe da safe zan duba," kuma goben ka duba.

Gyara uku kawai a kowane zagaye. Za ka ga kurakurai goma sha biyu, hannunka zai yi ƙaiƙayi, daure. Fara da mafi girma: shin ana gane saƙon daga nesa? Me ido ya fara gani? Sai tazara da jeri, sai launi, sai ƙananan abubuwa a zagaye na biyu. Wanda aka zubo wa gyara goma sha biyu ba ya koyon ko ɗaya, bin umarni kawai yake yi.

Yadda nake yi: in ɗauki hoton zanen, in zagaye wuraren da jan layi, in sa musu 1, 2, 3, sannan in yi saƙon murya da bai wuce minti biyu ba ina bin lambobin. Rubutu kaɗai yana fitowa da kaushi, murya kaɗai kuma ba a san inda kake nufi ba. Kowane gyara da dalilinsa. "Ƙara girman lambar waya" umarni ne. "Mai babur ne zai karanta wannan yana wucewa, daƙiƙa biyu gare shi, me kake so ya tafi da shi?" wannan koyarwa ce.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni wahala, kunya. Yaranmu an tarbiyyantar da su kada su ce wa babba ba su gane ba. Za ka yi bayani, ka ji "To, Malam, in sha Allahu." A shago fuskarsa za ta tona shi; a waya ba ka ganin komai. Wata ɗaliba na taɓa ce mata ta ba rubutun wuri ya sha iska, ina nufin ta buɗe tazara tsakanin layuka. Ta ce to. Bayan kwana biyu ta turo zane da aka rage rubutun ya zama ƙanana kamar tururuwa a tsakiyar fili. Laifina ne, ba nata ba. Tun daga ranar, in na gama bayani sai in ce, "Maimaita mini da bakinki abin da za ki yi." A nan ake kama saɓani tun bai ci kwana biyu ba. Kuma na halatta musu su tambaye ni da Hausa, da Fulatanci, da Faransanci, duk wanda tambayar ta fi fita da shi.

Kada ka buɗe fayil ɗin ɗalibi ka gyara da hannunka ka mayar masa. Ya fi sauri, na sani. Amma ya tashi da zane mai kyau da hannu wofi. In dole sai ka nuna, nuna a wani kwafi, ka naɗa, shi ya je ya yi a nasa.

Taron Asabar na duba aikin juna ne. Kowa ya sa zanensa a zaure awa biyu kafin taro, don masu layi mai rauni su sauke. A kira na murya, mai zane ya yi minti ɗaya yana faɗin abin da ya nufa, abokansa su fara magana, kai ne na ƙarshe. In ka riga su, ba wanda zai ƙara cewa uffan. Yabo a zaure, faɗa a keɓe. Yaron da aka kunyata gaban 'yan'uwansa a waya, kashe data kawai zai yi.

Hattara: ka riƙa tambayar fayil ɗin asali, ba hoton ƙarshe kawai ba. A ciki za ka ga ko shi ya gina zanen, ko ɗauko shi ya yi, ko manhajar ƙirƙirar hoto ce ta yi masa. Ban hana amfani da waɗannan manhajoji ba, amma sai an faɗa mini, kuma hoton da aka tsinto a Google ba ya shiga aikin mai aiki.

Mataki na 9: Daga allo zuwa takarda

Ɗalibin nesa zai iya gama mako takwas bai taɓa riƙe zanensa a hannu ba, kuma wannan babban giɓi ne. A mako na biyar ka tura wa kowa sefa 2,000 ya je maɗaba'ar garinsu ya buga aikinsa, ya ɗauki hotonsa a hasken rana kusa da fuskar kwamfuta. Da idonsa zai ga shuɗin nan mai ƙyalli ya dusashe, don fuskar kwamfuta da RGB take aiki, wato launin haske, inji kuma da CMYK, wato launin tawada. Bayan nan ba sai ka yi dogon wa'azi ba.

Kafin fayil ya tafi bugu, ya bi wannan jeri: launi a CMYK in maɗaba'ar haka take so, hotuna a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, ga abin da za a riƙe a hannu, rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, rubutu ya nisanci baki, a mayar da haruffa zane, a fitar da PDF. Babban allon bakin titi ba ya buƙatar 300, tunda daga nesa ake kallonsa. A tambayi mai inji abin da yake so. In aikin Duwala ko Yawunde za a tura, a ninka dubawa, don kuskure sai kaya sun iso tasha za a gan shi.

Hattara da haruffanmu. Salon rubutu da yawa ba su da ɓ, ɗ, ƙ, balle ƴ da ŋ na Fulatanci. Na taɓa tura allon wata makaranta wurin bugu ban mayar da haruffa zane ba, ya fito da ɗan akwati a duk inda ƙ take, na biya bugu na biyu daga aljihuna. Noto Sans, Andika da Charis SIL suna da su duka, kuma kyauta ne. Aikin Chadi kuwa sau da yawa Faransanci da Larabci ne tare. Wasu manhajoji suna wargaza haruffan Larabci ko su juya su, sai ka ga kowane harafi ya tsaya shi kaɗai. Amiri da Cairo salo ne masu kyau na kyauta, amma duk da haka a ba wanda ya iya karatu ya duba kafin bugu, musamman in akwai aya ko addu'a a ciki.

Mataki na 10: In ɗalibi ya yi shiru

Zai faru. Kwana biyu ba labari, kira shi a layi, ba a WhatsApp ba. Sau da yawa waya ce ta faɗa ruwa, ko rasuwa aka yi, ko an tafi gona tunda damina ce. Wani lokaci kuma aikin ne ya fi ƙarfinsa yana jin nauyin faɗa; sai ka raba masa shi gida biyu. Shi ya sa tun ranar farko nake karɓar lambar wani na gida. In shirun ya kai mako guda ba dalili, sanar da malaminsa a rubuce, ka tsayar da kuɗin data, ka raba aikinsa ga sauran.

Mataki na 11: Rufe shiri

Makon ƙarshe ba sabon aiki. Kowa ya zaɓi ayyuka biyar zuwa shida ya haɗa kundi a PDF, kowane aiki da layi biyu: me aka nema, me ya yi. Wanda ke da layi mai kyau ya ɗora a Behance, shafin da masu zane ke baje ayyukansu. Ka duba kundin kamar yadda ka duba sauran ayyuka, ka cire duk abin da mai aiki bai yarda a nuna ba. Tambarin da mai shi ke shirin yi wa rajista a OAPI, hukumar kare mallakar fasaha da ke Yawunde wadda rajistarta ta shafi Kamaru da Chadi duka, kada ya fita ko'ina sai ya ba da izini.

Takardar shaidar kammala sitaj ka rubuta ta a takardar shago, da ranakun farawa da gamawa, da irin ayyukan da ya yi, da sa hannu da hatimi. Tura hotonta nan take, asalin kuma ka sa a ambulan mai kwali ka ba motar haya, don makarantu da ma'aikatu asalin suke nema. In akwai takardar maki daga makaranta, cike ta da gaskiya a makon nan, kada yaro ya yi ta bin ka da kira ana gobe zai kare rahotonsa.

Ka kira kowa shi kaɗai na minti goma: abu ɗaya da ya ƙware a kai, abu ɗaya da zai ci gaba da gyarawa. Sannan ka tambaye shi abin da ya fi wahalar da shi a tsarinka, ka yi shiru ka saurara, ka rubuta don zango na gaba.

Hattara ta ƙarshe: ranar da aka rufe, cire kowa daga jakar masu aiki a Drive, ka sauya duk kalmar sirrin da ka taɓa bayarwa, bayan ka tabbatar kowa ya sauke kwafin nasa aikin. Wanda kake son ci gaba da ba shi aiki kuwa, daga ranar ya daina zama ɗan sitaj. Ku yanka farashin kowane zane kafin ka tura masa na farko.